Ruwan da ke Cikin Ƙarfe

Labarin kifin sinuk ya iso gidanmu ne a bakin Oom Sakkie, dattijon da ke fita kamun kifi da mahaifina, ran Laraba da hantsi, hazo bai gama ɗagawa daga bakin kogin Laaiplek ba. Ina zaune a dokin ƙofar kicin da kofi a hannu sai na ga hularsa ta ɓullo a saman shinge, can kafaɗunsa suka biyo, can ƙafafu, kamar hazon ne ke ƙera shi gaɓa-gaɓa.

"Faan!" ya ƙwala kira. "Kana nan, ko an binne ka ba a gaya mini ba?"

Mahaifina Faan, Derra muke ce masa, ya fito daga bayan jirginsa da burushin fenti a hannu.

"Ranar da aka binne ni kai za ka fara sani, Sakkie, don ba za ka ƙara samun tabar banza ba."

"To ajiye burushin nan. Kifi ya faso a Lambertsbaai. Jiya da ƙyar jirage suka dawo don nauyi."

Sinuk ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana arewa, jibi ya ɓace, sai a ji ɗuriyarsa can kudu. Shi ya sa mutanenmu a kan titi suke binsa: jirgi a kan tirela, tirela a bayan a-kori-kura, a yi ta gudu a gefen teku har a cim masa.

Oom Sakkie ya karɓi tabar da bai roƙa ba, ya kunna, ya ƙi haɗa ido da Derra.

"Surukan nan nawa biyu sun ce Asabar. In ba mu sauka ruwa ran Asabar ba, za su bi wani jirgi mai inji biyu, an riga an yi musu tayi. Ni ma, Faan, ba zan ɓoye maka ba, akwai bakuna a gidana."

"Wa ke maganar Asabar? Yau can za mu kwana."

Su ukun nan su ne mutanen jirgin Derra kaf. Mai shekarunsa in ya rasa mutanensa a farkon zuwan kifi, ba ya sake samun wasu, don samari jirgi mai gudu suke so. Abin da zai rage masa shi ne katangar tashar jirage, inda tsofaffi ke jeruwa tun safe suna kallon jiragen wasu, suna gardama kan inda iska za ta juya. Derra ko bi ta gaban katangar nan ba ya so. In hanya ta kai shi can sai ya ƙara sauri, ya ɗaga musu hannu bai waiwaya ba.

Kafin rana ta take an ɗaure komai. Ni ce a sitiyari. Tun da na dawo daga jami'a a Cape Town, inda na karanci tsirrai, ban sami aiki ba, kuma jan tirela na cikin 'yan abubuwan da nake iya yi ba tare da an sa ni magana ba. Muna fita, tayar hagu ta faɗa ɗan kwarin da ke bakin ƙofar shinge. Babu wata ƙara. Wani sauti ne mai laushi, kamar an gutsuri busasshen burodi. A madubi na ga jirgin ya karkatar da gindinsa gefe guda a hankali, kamar tsohuwa za ta zauna.

Derra ya durƙusa a bayan tayar. Dogon ƙarfen da ke ɗauke da jirgin ta hagu ya lanƙwashe, shuɗin fentinsa ya tattare kamar zane. Ya danna wurin da babban yatsa, yatsan ya shige.

"Amma ran Lahadi na shafa mata," ya ce, ba da kowa yake ba.

Gaskiya ya faɗa. Duk unguwarmu babu tirelar da ta kai tamu ƙyalli. Kowace Lahadi in an taso coci sai ya tuɓe kwat, ya zagaye ta yana shafa ta da tafin hannu. Inda duk ya ji ɗan rami ko tsaga, sai ya cika shi da kwalta, ya bi da fenti. Ƙarafunanta irin masu kogo a ciki ne, kuma wanda ya ƙera ta ya bar 'yan ramuka ta ƙarƙashi. Ramukan nan Derra ya fara toshewa a makon da ya sayo ta, yana mitar sakacin maƙeran zamani.

Oom Sakkie ya cire hula ya sosa kai.

"Sai ka kira yayarka."

Anti Griet ta yi rabin rayuwarta tana walda a wurin gyaran manyan jirage a Saldanha. Ta iso da la'asar a tsohuwar motarta, injin walda a but, ta ɗora rigar aiki a kan riga mai furanni.

"Ina gawar, Auta?"

"Ousus," in ji Derra, don haka yake kiran yayarsa, "ba gawa ba ce. Ɗan tsagewa ne."

"Ɗan tsagewa. Haka likita ya ce wa mijina." Ta juyo gare ni. "Nella, 'yar nan, har yanzu ba ki fara magana ba? Duk karatun nan ba su koya miki surutu ba? To ɗauko mini guduma."

Sai da aka fara sauke jirgin. Maƙwabta suka taru, aka ɗaure gindinsa a itacen ɓauren da ke tsakar gida, na riƙa jan tirelar kaɗan-kaɗan tana zamewa daga ƙarƙashinsa, su kuma suna cusa tsofaffin tayoyi. Da aka gama, ga jirgi zaune a ƙasa kusa da kabejin mahaifiyata, kamar ambaliya ce ta kawo shi ta manta. Derra na tsaye gefensa yana murza matoshin jirgin, ɗan abin da ake toshe ramin gindinsa da shi kafin a sauka ruwa. In jirgi na kan tudu, a wuyansa yake rataye shi da zare.

Anti Griet ta bi ƙarfen tana ƙwanƙwasawa. Inda ke da lafiya yana amsa mata da ƙara siririya mai tsawo. Inda ya ruɓe sai ya yi gum, kamar an buga katifa. Tana yi tana zana alli. Can ta tsaya, ta kama bayan tirelar ta jijjiga, ta karkata kai.

"Zo ki sa kunne nan."

Na sa kunnena a jikin fentin mai sanyi. Na san sautin. Ina yarinya, in baƙi suka cika gida, ƙarƙashin tirelar nan nake shigewa in kwanta rigingine, in manna kunne a ƙarfe. A ciki akwai wani ɗan ƙaramin teku mai zuwa ya koma, ya zo ya koma, duk sanda iska ta taɓa jirgin. Na ɗauka haka kowane ƙarfe ke yi in ya daɗe kusa da ruwa, kamar ƙwanson dodon koɗi da yara ke karawa a kunne.

"Ruwa ne," na ce.

"Kun ji? Ta yi magana. Ku matsa baya."

Ta kunna injin yanka. Tartsatsi ya yi ta tashi, sai kuma ya mutu tsit, domin ruwa ya ɓalle. Ja ne kamar shayin da ba madara, ɗauke da ɓarɓashin tsatsa kamar busassun ganye, yana warin tashar jirage in ruwa ya janye. Ya bi tsakar gida, ya zagaye tayoyin da jirgi ke kai, ya nufi gindin ɓaure. Ya daɗe yana zuba, har surutun maƙwabta ya ɗauke. Ina kallonsa ina tunanin akwai ruwan Lambertsbaai a ciki, da na Yzerfontein, da na duk inda Derra ya taɓa tsoma tirelar nan, har da ruwan shekarar da na koyi karatu. Duk sun biyo shi gida sun zauna da mu, ba wanda ya sani.

"Ga aikinka, Auta," in ji Anti Griet. "Ka yi wa teku ɗaki, ka kulle shi ciki, kana shafa wa ƙofar fenti duk Lahadi."

Derra ya tsuguna yana leƙa cikin ƙarfen.

"Akwai inda na manta ban toshe ba," ya ce a hankali. "Dole akwai."

Washegari da sassafe ta dawo da sababbin ƙarafuna daga tarkacen bayan gidanta, irin waɗanda aka yi wa farin shafe kamar kwanon rufi don kada su yi tsatsa. Ta zo da kwalbar madara babba, ta zuba mini a kofi, ta zuba wa kanta.

"Shanye. Hayaƙin farin ƙarfen nan yana sa zazzaɓi. Mu a Saldanha madara muke sha kafin mu taɓa shi."

"Yana hanawa, Anti?"

"Wa ya sani? Mu dai muna sha."

Aikina shi ne riƙe ƙarfe a inda ta ce, in kau da kai. Ta yanke ruɓaɓɓen wurin hagu da dama, ta goge bakunan har suka yi fari, ta zura sabon ƙarfe a ciki kamar ana ɗora karaya. Ko da idona a rufe ina ganin hasken waldar, shuɗi, yana ratsa fatar ido. Babu iska ranar. Farin hayaƙin ya ƙi tashi sama, ya tsaya a tsakar gida yana cuɗanya da hazo, wasu 'yan farare-farare kamar auduga suna sauka a hannun rigata. Derra na ta kai da kawo, ya miƙo abin da ba a nema ba, ya ɗauke abin da ake nema.

Oom Sakkie ya leƙo ta shinge da rana.

"Griet, ashe har yanzu hannun na nan. Da kin aure ni da tuni kin ƙera mini sabbin haƙora."

"Da na aure ka da bakin gaba ɗaya zan liƙe. Wuce ka ba mutane wuri."

Ya yi dariya, amma kafin ya tafi ya ce da Derra ƙasa-ƙasa, "Yaran nan sun fara haɗa kayansu fa."

Saura haɗi guda, ƙarfen gicciye na baya wanda ke riƙe ɓangarorin biyu, Anti Griet ta ajiye abin walda ta ɗauko injin huda. Ta kwanta a ƙasa ta saita bakinsa a cikin sabon ƙarfen.

"Me za ki yi?" Derra ya tambaya.

"Ramukan da ka toshe zan mayar. Gaba, tsakiya, baya, kowane gefe."

"Ba za ki huda mini ita ba."

"Auta, saurara. Ka yi gudu a kan kwalta ƙarfe ya ɗau zafi, ka tsoma shi a ruwan sanyi, sai ya zuƙa, kamar kai da shayi. Ko ramin bai kai na allura ba zai zuƙa. Ba ka da yadda za ka hana shi shiga. Fita kawai za ka iya ba shi."

"Ki liƙe da kyau ba zai shiga ba. Ko hannun ne ya tsufa?"

Ta tashi zaune.

"Hannun wa?"

"Tun ina da wando guda nake teku, Ousus. Ban taɓa ganin abin da rami ya gyara ba. Rami ne ya ci mana Klaas."

Klaas ɗan'uwansu ne, an haife shi tsakaninta da Derra. Jirginsa ya sha ruwa a wajen bakin kogi tun ba a haife ni ba. Ba a cika ambatonsa a gidanmu ba. Anti Griet ta ajiye injin huda.

"Klaas a jirgi yake," ta ce, "ba a tirela ba. Kada ka ƙara sa mini shi a maganar ƙarfe." Ta miƙe tana naɗe wayar injinta. "Ni ba na rufe ƙarfe in bar masa ciwo a ciki. In liƙe maka yau, bayan 'yan shekaru ta karye a kan titi da mutane a bayanka, a ce waldar Griet ce? Nemi wani."

"Zan nema!"

"Nemi. Ka gaishe shi."

Babu wani. Duk mun sani. Mai walda na gari yana da tireloli jere a ƙofarsa tun da labarin kifi ya iso. Motarta ta fita, ta bar tirelar tsaye, gefe da gefe sababbi fes, bayanta a buɗe.

Wajen la'asar na fara jin zaƙi-zaƙi a bakina, kamar na tsotsi kwabo. Can sanyi ya kama ni, haƙorana suka shiga haɗuwa. Mahaifiyata, Mammie, ta dawo daga masana'antar kifin gwangwani ta tarar da ni a ƙudundune a dogon benci na baranda. Ta lulluɓe ni da barguna, ta ce Griet da madararta, Allah ya shirye su, ta shiga dafa mini citta.

Hazo ya dawo da wuri ranar. Ina kallonsa ya hauro shinge, ya cika tsakar gida daga ƙasa zuwa sama kamar ana cika kwano. Da ya kai gindin jirgin, sai jirgin ya ɗaga daga kan tayoyin ya fara lilo a hankali, igiyarsa ta miƙe. Kabejin Mammie suka buɗe suna kaɗawa kamar ciyawar ƙarƙashin teku. Sinuk suka fara wucewa ta cikin rassan ɓaure, dogaye, sirara, masu walƙiya, duk sun fuskanci arewa, ba sa sauri. Ban ji tsoro ba. Numfashi ma ya fi sauƙi a cikin ruwan. Na ga tirelar tana tafiya ita kaɗai a ƙasa kamar ƙaguwa, tana jan buɗaɗɗen bayanta. A can bakin shinge kuma ga katangar tashar jirage ta matso har ƙofar gidanmu, tsofaffin na zaune a kai, gemunsu na tashi sama a ruwa, sun matsa sun bar wurin mutum guda a tsakiya.

Wani ya zauna a bakin bencin, ya sa mini hannu a goshi. Hannun na warin kwalta.

"Sannu, Nella. Ni na ja miki."

Matoshin jirgi na reto a wuyansa, daidai idona. Yana zuwa, yana komawa. A lafiyata ba na iya haɗa jimla uku a gaban Derra ban duba ƙasa ba. Amma ranar bakina ya buɗe da kansa, ina jin muryata kamar daga ɗaki na gaba take fitowa.

"Derra, ai jirgin ma yana da rami."

"Yi shiru ki huta."

"Yana da shi. A gindi. Ga abin toshe shi nan a wuya. Kullum in an fito ruwa Derra ke cirewa da kansa, ruwa ya yi ta zuba a kan siminti, Derra na tsaye yana kallo yana shan taba. Ban taɓa ganin ran Derra ya ɓaci ba a lokacin. Har waƙa yake yi."

"Wannan daban ne."

"Da me?"

Wani sinuk ya ratsa tsakaninmu ya wuce ta tagar kicin.

"Wannan rami ne mai mai shi," ya ce. "Ni ke buɗe shi, ni ke rufe shi. Na san inda yake ko a duhu. Ba irin wanda ake bari baki sake ba, ba mai kula da shi."

"To a yi wa tirelar irinsu. Masu mai su. Derra ya toshe kafin a sauka, ya cire in an hau." Na ji ina ta magana, na ba shi labarin ɗan tekun da ke cikin ƙarfe, da yadda nake kwanciya in saurare shi, da yadda wani lokaci yake yi kamar yana ƙwanƙwasa ƙofa. Na ce masa tsofaffin sun bar masa wuri a katanga amma kada ya je, wurin da sanyi. Ban san inda na tsaya ba. Na dai tuna Mammie na ɗura mini citta, tana cewa, "Yau kuma rediyo muka samu a gidan."

Na farka ran Juma'a jikina sakayau, kamar an wanke ni an shanya. Rana ta fito sosai. Jirgi na zaune a kan tayoyinsa, kabeji na nan kabeji. Derra na gindin ɓaure da wuƙar fiɗar kifi, ya yanka sandar tsohuwar tsintsiya gunduwa-gunduwa yana fere su, kowanne da tsini a gefe guda. Ya huda kawunansu ya zura zare. Bai ɗago ba.

"Uwarki ta buga wa Griet waya," ya ce. "Ba ni na sa ta ba."

Anti Griet ta iso fuska a ɗaure. Ta tsaya a kansa, ta ɗauki gunduwa ɗaya ta jujjuya.

"Mene ne wannan? Carbi kake yi?"

"Matosai ne. Ki huda daidai kaurinsu. Kada ki ƙara."

Ta dube shi, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana dafa jirgi.

"Wayyo Auta! Tirela da matosai! Za a yi shekara ana ba da labarinka a Lambertsbaai."

"Za ki huda ko ba za ki huda ba?"

"Zan huda, ranka ya daɗe."

Da ta kwanta ƙarƙashin tirelar ta jawo ni kusa, ta rage murya.

"Ba abin da itacen nan zai hana, kin sani ko? Amma muddin yana cirewa in an hau tudu, ya ɗinka musu huluna ma in ya ga dama. Ke kuma yau ki tsaya ta inda iska ke fitowa."

Injin huda na fara kuka Derra ya miƙe ya ce bari ya ɗora kofi. Bai fito ba sai da kukan ya ɗauke gaba ɗaya. Ya zo ya kwanta a ƙasa, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, ya gwada wa kowanne matoshinsa, ya ƙara fere wanda bai zauna ba. Sannan ya riƙe mata ƙarfen gicciye da kansa ta liƙe. Da yamma maƙwabta suka dawo aka mayar da jirgi. Anti Griet ta hau bayan tirelar ta yi tsalle da dukan nauyinta, ƙarfe bai ce uffan ba.

"In ta karye yanzu, laifin tuƙin 'yarka ne," ta ce.

Asabar, gari na fara haske muka wuce Elandsbaai. Derra na gefena, Oom Sakkie da surukansa a baya cikin barguna da kwandon burodi. Duk ramin da muka faɗa sai Derra ya leƙa madubi. Gefen titi ciyayin rairayi sun jiƙe da raɓa, na san sunan kowanne, ina kiran su a zuci muna wucewa.

A Lambertsbaai motoci sun yi layi har wajen tasha, kowa na jiran ya kai ga gangaren simintin da ake sauke jirage. Hayaniya, warin fetur da na kifi, fararen tsuntsaye na ihu a sama ba a ganinsu don hazo. Da layi ya zo kanmu Derra ya cire zaren wuyansa ya toshe jirgi. Sannan ya ciro tarin matosansa daga aljihu, ya kwanta a jiƙaƙƙen siminti ya shige ƙarƙashin tirela da 'yar guduma.

"Faan, me ka ɓatar a nan?" wani mai jirgi ya tambaya daga bayanmu.

"Tatsar ta yake yi!" wani ya amsa. "Ku kawo kofi!"

"Ku bar shi," in ji Oom Sakkie. "Tirelarmu ba ta son sanyi a ciki. 'Yar gidan mutunci ce."

Derra ya fito yana kakkaɓe gwiwa kamar ba da shi ake ba. Na ja da baya a hankali har tayoyin suka nutse, har jirgin ya saki nauyinsa ya hau ruwa. Suka haye su huɗu. Injin ya yi tari, ya kama.

"Nella!" Derra ya ƙwalo daga cikin jirgin. "Kina hawa ki cire su! Duka! Ki sa a aljihu, kada ki ajiye a mota!"

Na ɗaga masa hannu. Suka juya, hazo ya fara cinye su daga gaba, sai gindin jirgin, sai hular Oom Sakkie, sai ƙarar injin kawai a cikin ƙarar sauran.

Na hau da tirelar can saman gangare, na kwanta ƙarƙashinta, na murɗe matosan ɗaya-ɗaya. Kowane rami ya zubo da ruwa. Ba yawa, kamar cikin kofi, garai-garai, mai sanyin ƙanƙara. Wani ya zubo mini a wuya. Na zauna a kan tayar na ga ya haɗu ya zama siririn zare, ya gangara tsakanin takalman mutane ya koma inda ya fito.

Sai bayan rana ta karkata suka dawo, jirgin ya nutse har kusan baki, surukan Oom Sakkie jina-jina da jinin kifi har gwiwar hannu, suna ta musu kan wanda ya fi kamawa da wanda zai zauna a gaba gobe. Masu saye suka yanyame su. Sai da hayaniya ta lafa Derra ya zo inda nake, ya miƙo hannu, na zuba masa matosan. Ya ƙirga su da ido, ya ɗan yi gyaran murya.

"Ya shiga?"

Na dubi ƙasa.

"Kaɗan, Derra."

Ya ɗaga ɗaya sama yana dubawa ta hasken rana, ya murza shi tsakanin yatsu.

"Itacen tsintsiya ne, ba ya kumbura," ya ce. "Zan samo mai kyau in sake ferewa. Je ki kawo mota, gobe da wuri za mu sauka."